Gaɓar tekun Gana: Inda kwalta ta ƙare, nan daɗi ya fara

DUK wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san wannan fitowar: yaro da yarinya a kan farin yashi, iska na kaɗa gyale, ruwa na zuwa ya lashi ƙafafun su ya koma. Da 'Kaho Naa Pyaar Hai' ya fito a shekarar 2000, an sha mayar da kaset baya don a ƙara ganin tsibirin nan da Hrithik Roshan da Amisha Patel su ka maƙale a ciki. Tsibirin ma ba a Indiya ya ke ba, a yankin Krabi na ƙasar Tailan aka ɗauko shi. Shekara guda bayan nan sai ga 'Dil Chahta Hai' da abokai uku zaune a kan tsohuwar ganuwar Chapora ta Gowa su na kallon teku, har wurin ya koma wajen ziyarar masoya fim.

Daraktocin Kano da Kaduna da Jos, da ya ke ba su da teku, sai su ka yi maleji da abin da Allah ya hore masu: dam ɗin Tiga, duwatsun Jos, lambun gidan wani attajiri. Ba laifi, an yi ƙoƙari. Amma dam dam ne. Ba ya ruri, ba ya cika ya janye sau biyu a rana, kuma in mutum ya ɗaga ido zai hango ɗaya gaɓar. Matashin da ya ce sai ya ga na gaske yakan nufi Ikko, ya tarar da kuɗin shiga, da kiɗa kamar gidan biki, da masu doki su na bin sa da ciniki. Ita kuwa tsohuwar Bar Beach da iyaye ke ba da labari, tuni aikin cike teku na Eko Atlantic ya haɗiye ta.

To, mai son ya kafa tanti ya kwana ba abin da ya ke ji sai ruwa, gari ya waye ya taka yashi na awa biyu bai haɗu da mutum biyar ba, sai ya ƙara gaba zuwa Gana. Ƙasar na da gaɓar teku ta kimanin kilomita 550, kuma ɓangaren da ya fi dacewa da mai tafiyar ƙafa shi ne na yamma da Takoradi, wato ƙasar mutanen Ahanta. Ƙa'idar wurin guda ɗaya ce, kuma ba ta saɓawa: gwargwadon lalacewar hanya, gwargwadon shirun da za a samu a ƙarshen ta.

Zuwa ba wuya. Daga Ikko mota ta bi ta Seme, ta ratsa Kwatano da Lome, ta shiga Gana ta Aflao, sai Accra, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza, fasfo ya ke buƙata da katin allurar shawara, kuma wannan katin kada a yi wasa da shi a kan iyaka. Da an shiga sai a mayar da agogo baya da awa ɗaya, a canza naira zuwa sidi. Abin da kan ba sabon zuwa mamaki shi ne yadda Hausa ke kai shi ko'ina a unguwannin zango irin su Nima da Mamobi. Da safe a sayar masa da koko da ƙosai, da rana 'waakye', wato shinkafa da wake da sunan ya ɗan karkace a bakin mutanen can, da dare tuwo zafi. Wannan ba sabon abu ba ne. Fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru su na bin hanyar Gwanja, sannan a yaƙin da Ingila ta yi da Asante a 1873 zuwa 1874 Kyaftin Glover ya zo da sojojin Hausa daga Ikko, wasu ba su koma ba. Kaset-kaset ɗin Kano ma sun daɗe da bin wannan tsohuwar hanya zuwa zangunan Kumashi da Ankara. Sai dai a sani, da an wuce Takoradi Hausa na fara ƙaranci. A ƙauyukan bakin ruwa Fante ake ji da Ahanta da guntun Turanci.

Kafin a kai can, hanya na bi ta Cape Coast da Elmina, kuma ɗan kallo na gaske ba zai wuce su a guje ba. A gidan bayi na Cape Coast ne Haile Gerima, ɗan ƙasar Habasha, ya buɗe fim ɗin sa 'Sankofa' na 1993, inda wata mai tallar kayan ƙawa ta zo ɗaukar hoto ta tsinci kan ta a zamanin bauta. A Elmina kuwa, ginin da Turawan Fotugal su ka yi a 1482, Bajamushe Werner Herzog ya ɗauki wani ɓangare na 'Cobra Verde' na 1987 da jarumin sa mai zafin kai Klaus Kinski. Garuruwan biyu na ziyarar yini ne. Cike su ke da jama'a da kwale-kwale da hayaƙin kifi, ba wurin kafa tanti ba ne.

Takoradi ce tashar ƙarshe ta sayayya. Duk abin da aka manta a nan, an manta ke nan: maganin sauro, batirin tocila, ruwan sha, tsabar kuɗi. Jakar kuma ta zama ta goyo. Jakar Ghana-Must-Go, duk da cewa gida ta zo, ba ta san tafiyar yashi ba, kafin a yi kilomita ɗaya hannun ta ya yanke yatsun mutum. Daga Takoradi ƙananan motocin haya da su ke kira 'tro-tro' na kai mutum Agona Nkwanta, kimanin kilomita 25, daga nan tasi ya gangara kudu zuwa Busua.

Busua ita ce ƙofa. Yashi ne shimfiɗe mai faɗi, ruwan ya yi lanƙwasa kamar baka, ga wani ɗan tsibiri mai suna Abokwa a gaba da 'yan itatuwan kwakwa a kan sa kamar an dasa su don kyamara. Akwai masauki na kowane aljihu, akwai yaran gari da su ka ƙware da hawan igiyar ruwa a kan allo. Amma gaskiya ɗaya ce, Busua ba ta da shiru. A ƙarshen mako mutanen Takoradi na cika ta, mashaya na buɗe har dare, Turawa na yawo da shigar da Bahaushe zai yi ta sunkuyar da kai. Amfanin ta shi ne a kwana ɗaya a huta gajiyar mota, a yi tambaya, a samu ɗan gari da zai yi jagora.

A nan ne kuma ya kamata a yi maganar da ta fi kowace muhimmanci. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a Tiga, ko da shi ne gwanin unguwar su, bai iya teku ba. Gaɓar Gana na da wani ja da ruwa ke yi: ruwan da igiyoyi su ka turo bakin gaɓa ya na taruwa ya koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne daidai wannan hanyar ce ta fi kama da wuri mai lafiya, don a nan igiyoyi ba su fashewa, ruwan ya yi duhu ya kwanta luf. Wanda ya faɗa ciki ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo kai-tsaye, ƙarfin sa zai ƙare kafin na ruwan. Dabarar ita ce ya yi iyo a gicciye, ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga jan, sannan ya juyo. Wanda ya fi wayo kuma ba ya bari ruwa ya wuce masa gwiwa sai a inda ya ga yaran gari na wanka. Ana lissafa Busua cikin wurare masu sauƙi, amma a sauran gaɓar da ke gaba babu mai ceto, babu asibiti kusa. Iya ruwa fidda kai, in ji Hausawa, a nan kuwa fidda kan shi ne tsayawa a tudu.

Tafiyar farko, kuma mafi sauƙi, ita ce ta gabas zuwa Butre, kimanin kilomita 3. Ana fita da sassafe bayan sallah, a bi jiƙaƙƙen yashin da ke dab da ruwa, domin ya fi busasshen tauri, ba ya cinye ƙafa. Kafin a yi nisa kiɗan Busua ya ɓace, sai ƙananan ƙaguwa masu launin yashi da ke tsere su faɗa ramukan su da zarar inuwar mutum ta taɓa su. A ƙarshen yashin akwai ɗan tudu mai duhuwa, a hau a gangara, sai ga Butre a ƙasa: rufin kwano masu tsatsa, kwale-kwale masu fenti da tutoci, kogi ya fito daga cikin itatuwan fadama ya na shiga teku, ga gadar katako ta masu ƙafa da ke haɗa garin da ɗaya gaɓar. Wanda ya haye gadar nan ya samu abin da ya zo nema. Yashi ne ya miƙe, babu kiɗa, babu mai talla.

A saman garin akwai kangon wata ganuwa mai suna Batenstein da mutanen Holan su ka gina a 1656, shekarar da su ka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta a nan Butre. Hawan na sa haki, amma daga can ana ganin kogi da teku da gari a faifai ɗaya. Zaman da aka ƙulla a 1656 ya yi mummunan tsami daga baya. A 1837 Sarkin Ahanta, Badu Bonsu na Biyu, ya yi faɗa da mutanen Holan, aka kashe jami'an su har da muƙaddashin gwamnan su. A 1838 su ka turo runduna ƙarƙashin Janar Jan Verveer, aka kama sarkin aka rataye shi, aka yanke kan sa aka tafi da shi Turai. Kan nan ya yi shekara kusan 170 a cikin kwalba a wani ɗakin ajiya na jami'ar Leiden, har wani marubuci ɗan Holan mai suna Arthur Japin ya gano shi ya na binciken littafi. Sai a watan Yuli na 2009 aka miƙa shi ga dattawan Ahanta. Kai! Marubutan da ke ta juya labarin kishiya da auren dole, ga labari nan kwance a bakin ruwa ya na jiran mai ɗauka.

Yanzu batun kwana. Mai karatu zai iya zaton tunda fili ne babu kowa, sai kawai a zaɓi wuri a kafa tanti. A'a. Duk yashin da ake gani ya na da mai shi, ko dangi ne ko sarkin gari, kuma baƙon da ya sauka ba sallama ya jawo wa kan sa zargi, ya kuma zama nama ga ɓata-gari. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ta ƙananan masaukan da ke warwatse a gaɓar, waɗanda aka gina da gora da ciyawa. Da yawan su kan bar mai tanti ya kafa a harabar su da kuɗi kaɗan, ya samu banɗaki da ruwan wanka da maigadi. Inda babu masauki, sai a nemi mai gari a gaishe shi yadda ake gaida manya, a faɗi abin da ya kawo mutum, shi zai nuna wuri, kuma daga lokacin baƙo ya shiga amanar sa. Da ɗan gari kan ci gari. Tafiyar kuma ta ƙungiya ce, mutum uku zuwa biyar. 'Yan mata masu sha'awa sai da yayye ko maigida.

In an samu wurin, saura zaɓen inda tantin zai zauna, kuma a nan ɗan Arewa ke yin kuskure iri biyu. Na farko, ya ga inuwar kwakwa ya ce ya samu gindin mangwaro. Ƙwallon kwakwa da ya faɗo daga wannan tsawo cikin dare ba ya tambayar wanda ke ƙasa. Na biyu, ya matsa kusa da ruwa don ya ji daɗin ƙara, ya manta teku na cika ya na janyewa sau biyu kowace rana. A duba yashin, za a ga wani layi na tarkace, busasshiyar ciyawar ruwa da guntayen itace da robobi, to nan ne iyakar inda ruwa ya kai a cikar da ta wuce. A kafa can sama da shi sosai. Mai lissafin watan Musulunci ma ya fi kowa sa'a, domin cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Turakun tanti na ƙarfe ba su kama yashi, sai a ɗaure igiyar a jikin itace ko a cika leda da yashi a binne. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, duhu kuma na rufowa nan da nan, don haka wanda bai gama shiri kafin magariba ba zai yi shi da tocila a baki, sauro na yi masa hidima.

Yamma da Busua, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, akwai Dixcove, garin masunta da ke kewaye da wani lungun ruwa mai duwatsu. Farar ganuwar da ke saman sa Ingilishi ne su ka gina ta a ƙarshen ƙarni na 17, sunan ta na yanzu, Metal Cross, ya samo asali ne daga mutanen Holan da su ka karɓe ta a musayar 1868. Hanyar da ta haɗa garuruwan biyu gajera ce amma ta na ratsa duhuwa, kuma an daɗe ana gargaɗin baƙi a kan masu ƙwace a cikin ta. A bi ta da rana, da ɗan gari, waya na cikin jaka. Wanda ya zo ranar Talata zai tarar da kwale-kwale duk a tudu, maza na zaune su na ɗinkin koma, saboda a al'adar masuntan Gana ba a shiga teku ranar Talata. Sauran ranaku kuwa, in aka dace da dawowar su, ana sayen kifi a hannun matan da ke tarbar jiragen, da arhar da za ta sa mutumin Kano ya riƙe baki.

Daga Dixcove ne hanya ke fara nuna hali. Jar ƙasa ce mai ramuka, ta ratsa gonakin roba da na kwakwar manja, in an yi ruwa direbobi su yi ta ƙunƙuni su na ƙara kuɗi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abin da ke ƙarshen ta shi ne Akwidaa, ƙauye biyu a suna ɗaya, tsohon gari a bakin ruwa da sabon gari a kan tudu, kogin Ezile ya raba tsakani, nan ma da gadar katako. A kan wani tsinin dutse da itatuwa su ka rufe akwai ɓurɓushin ganuwar Dorothea ta Jamusawan Brandenburg, saiwoyi sun naɗe bangon har ba a gane inda gini ya ƙare itace ya fara. Gabas da ƙauyen akwai doguwar gaɓa da mutum zai yi ta tafiya sawun sa kaɗai ya ke gani. Yamma kuma wani ɗan lungu ne da tuddai su ka kare, ruwan sa ya fi na ko'ina ladabi. In akwai wurin da ya cancanci kwana biyu ko uku a duk tafiyar, to nan ne.

A wannan yashin ne kunkurun teku ke fitowa cikin dare su haƙa rami su zuba ƙwai, galibi daga wajen Oktoba zuwa Maris. Akwai wani jinsin su mai baya kamar fata wanda nauyin sa kan wuce buhun masara uku. Dokar Gana ta hana kama su ko kwashe ƙwan su, kuma akwai samarin ƙauyukan da ke sintiri da dare don tsaron su, su ne ma za su tada baƙo in an ga wata ta fito. Sharaɗin kallo shi ne a kashe tocila, a manta da filashin waya, a tsaya ta bayan ta. Haske na sa uwar ta fasa ta koma ruwa, ya na kuma rikita 'ya'yan in sun ƙyanƙyashe su nufi tudu maimakon teku.

Kada dai a ɗauka aljanna ce. Kusa da kowane ƙauye akwai ɓangaren gaɓar da ya zama makewayin jama'a, don haka mai tafiyar asuba ya sa takalmi, ya kuma sa ido. Ledoji da robobi na zuwa da igiyar ruwa har inda ba kowa. Tun daga 2011 wata jar ciyawar teku ta riƙa taruwa a gaɓar yammacin Gana a wasu watanni, ta ruɓe ta yi wari, ta cika wa masunta koma. Kututturan kwakwa marasa kai da ake gani tsaye kamar turakun lantarki kuma aikin wata cuta ce da ta shiga yankin tun shekarun 1960 ta karya manoma da yawa. Wanda ya zo da hoton Krabi a kan sa zai ɗan yi tsaki. Daga baya ya saba.

Tafiyar da ta fi kowace ita ce daga Akwidaa zuwa Cape Three Points, 'yan sa'o'i a ƙafa, wani wuri yashi, wani wuri a hau tudu a bi ta gonakin rogo, a sake gangarowa wani lungun da ba a san da shi ba sai an faɗo cikin sa. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, don zafin nan mai gumi ne, ba irin na Arewa da ke busar da jiki ba. Wannan tsinin shi ne ƙarshen Gana ta kudu. A kan sa akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1925, kusa da kangon ta farko ta 1875. Mutanen wurin na alfahari da cewa ƙasar su ce ta fi kowace kusa da "babu ko'ina", wato wurin da layin da ya raba duniya arewa da kudu ya gicciya da wanda ya raba ta gabas da yamma, can cikin teku, kimanin kilomita 570 daga nan. Mutum ya tsaya a kan duwatsun, ruwa na dukan su ta gefe uku, iska na neman cire masa hula, in ya miƙa ido kudu babu wata ƙasa a gaban sa sai ta ƙanƙara a ƙarshen duniya. A cikin wannan ruwan ne, kimanin kilomita 60 daga gaɓa, aka gano man fetur na rijiyar Jubilee a 2007, aka fara haƙo shi a Disambar 2010. Wanda ya biyo hanyar ƙauyen da ƙafar sa zai yi wa kan sa tambayar da mutanen Neja-Delta su ka daɗe su na yi.

Sallah ba ta da wahala a wannan tafiya. Malamai sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, sai dai kurkurar baki da shi sai jarumi. Alƙibla na gabas ne a karkato arewa, wato teku na hannun dama, ya ɗan koma baya. Abinci ne ke son lura. Kifi da ƙaguwa da doya da dokunun masara ba matsala, amma miyar nama a ƙauyen da ba Musulmi sai an tambaya, domin alade da naman daji ba baƙi ba ne a tukunyar su. Shi ya sa kilishi da dambun nama da garin kwaki da ƙuli-ƙuli ke da daraja a jakar matafiyi fiye da rigar gayu ta uku.

Furodusan da ya fara lissafin kawo 'yan wasa nan kuma ya san iskar teku gishiri gare ta, ta na hawa gilashin kyamara ta na cin ƙarfe, ga ƙarar ruwa da ba za ta bar a ji maganar kowa ba. Waƙa dai za ta yiwu tunda a situdiyo ake ɗora murya, kuma hasken safiya kafin ƙarfe 9 ya fi duk wata fitila da za a yi haya. Ganuwoyin na ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Gana, su na cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1979, ba a shutin a ciki sai da izini. Ko da an ba da izinin ma, rawa da waƙar soyayya ba su dace da su ba. Ɗakunan ƙarƙashin su mutane aka tsare a ciki kafin a loda su a jirgi, kuma cikin waɗanda aka tsare akwai mutanen arewa da aka gangaro da su ta ƙasar Asante, ta hanyoyin da goro ke bi ya hau.

Mai sauran ƙarfi a gwiwa sai ya ƙarasa Princes Town, wadda 'yan gari ke kira Pokesu, yamma da tsinin. A kan tudun ta akwai ganuwar Gross Friedrichsburg da Jamusawan Brandenburg su ka kafa a 1683. Da kasuwa ta ƙi masu su ka sayar wa mutanen Holan a 1717, sai wani attajirin yankin da Turawa ke kira John Canoe ya ce bai san zancen ba. Ya shige ganuwar da dakarun sa, ya fatattaki 'yan Holan da su ka zo karɓa, ya riƙe ta har 1724. Ba waliyyi ba ne, shi ma dillalin Turawa ne a cinikin zamanin, amma sunan sa ya haye teku, kuma da yawa na danganta bikin Junkanoo da ake yi a Bahamas da Jamaika da shi. Daga saman ganuwar gaɓa ce ta miƙe hagu da dama, ga wani tafki a bayan gari da ake shiga da kwale-kwale.

Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ilin da hanyoyin jar ƙasa su ka bushe, kunkuru kuma na fitowa. A Disamba da Janairu hazon hunturu kan sauko har bakin teku, ya dusashe hoto amma ya sassauta zafi. Mayu da Yuni kuwa a bar wa masu wurin, don wannan kusurwa ta fi ko'ina ruwan sama a Gana, tanti ba zai yi komai ba. Daga Princes Town mota na fita zuwa babban titin Takoradi, amma ba ta da yawa kuma ba ta tashi sai ta cika, saboda haka mai son ya kwana Ankara a ranar sai ya naɗe tantin sa tun da asuba ya je ya kama kujera.